AK, AR-15 ko SKS: wacce ce ba ta cijewa, wacce ce ta fi sauƙin sarrafawa?

"Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a jihar Texas ta Amurka da takardar zama ta dindindin. Abokan aikina sukan kai ni filin harbi, yanzu ina so in sayi bindigata ta farko, don harbin allo da kuma farautar barewa idan lokacinta ya zo. Wani ya ce mini AK ba ta taɓa cijewa ko da an binne ta a laka, wani ya ce AR-15 ta fi sauƙi ga sabon shiga, wani kuma yana so ya sayar mini da tsohuwar SKS da araha. Wacce ta fi aminci, wacce kuma ta fi sauƙin sarrafawa?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambaya biyu ka haɗa wuri ɗaya, kuma amsoshinsu ba hanya ɗaya suke bi ba. Ta farko ita ce wace bindiga za ta ci gaba da tashi bayan ta yi dauɗa, ta bushe, ko an ba ta harsashi mai araha. Ta biyu ita ce wacce hannun mai koyo zai saba da ita da wuri har ya riƙa samun abin da ya auna. A ganina AK ta fi haƙuri da mai sakaci, AR-15 kuma ta fi haƙuri da mai koyo. Sai dai abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, yawancin cijewar da ake gani a filin harbi ba laifin ƙirar bindiga ba ne. Gidan harsashi ne kan gaba wajen jawo ta, sai harsashin kansa, sai rashin mai, sai kamfanin da ya yi aikin gaggawa don ya karya farashi. Tazarar da ke tsakanin AK mai kyau da AK ta banza ta fi tazarar da ke tsakanin AK mai kyau da AR-15 mai kyau nesa ba kusa ba.

Yadda suke ɗura kansu

Duka ukun da ka ambata, irin waɗanda ake sayar wa farar hula ne, masu ɗura kansu. Ka ja kunama sau ɗaya, harsashi ɗaya ya fita, bindigar ta zaro kwanson ta jefar, ta ɗauko sabo ta saka, ta tsaya sai ka sake ja. Ƙarfin da ke yin wannan aiki daga hayaƙin albarushi yake fitowa. An huda wata 'yar ƙofa a jikin bututun, da zarar harsashi ya wuce ta sai wani kaso na hayaƙin ya bi ta nan ya tura sakata baya, wato ƙarfen da ke toshe gindin bututu a bayan harsashi. Sakatar ta kwance daga makullinta, ƙugiyar da ke bakinta ta zaro kwanso, wani ɗan tsinke ya cilla shi waje, gudumar da kunama ke saki ta tayar da harsashi ta ɗanu, sannan sifirin ya dawo da sakatar gaba ta kwaso sabon harsashi ta kulle. Duk wannan cikin kusan kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa. Kowace irin cijewa da za ka taɓa gani, a ɗaya daga cikin waɗannan matakai ta auku, kuma bambancin bindigogin yana ga hanyar da kowacce ta bi ta isar da hayaƙin ga sakata.

Dalilin da ya sa AK ta yi suna

Sojan Tarayyar Sobiyet sun karɓi bindigar Mikhail Kalashnikov a 1949, sannan aka fito da AKM a 1959, wadda gangar jikinta farantin ƙarfe ne da aka lanƙwasa aka ɗaure da ribit. Yawancin na kasuwa a yau daga AKM suka samo asali. A cikinta hayaƙi yana bugun wani dogon fistin da ke haɗe da uwar sakata, wato ƙarfen da ke ɗauke da sakatar, su tafi baya tare su dawo tare. Abin da ke kai-komon nan ya kai kusan rabin kilo, don haka idan ya taho ɗan yashi ko busasshen mai ba ya tsayar da shi. An kuma bar rata mai yawa tsakanin sassan, dauɗa tana samun inda za ta raɓe. Haƙoran kulle sakatar biyu ne manya. Kwanson harsashinta, 7.62x39, tsukakke ne daga gindi zuwa wuya, da ya ɗan motsa baya ya saki bangon ɗakin da yake zama a gindin bututu, shi ya sa zaro shi ba ya wahala, kuma shi ne dalilin da gidan harsashinta yake a lanƙwashe. Gidan kansa na ƙarfe ne mai kaurin leɓe, ya ninka na alminiyom ɗin AR-15 nauyi kusan sau uku, ba ya lotsewa don ya faɗi ƙasa. Ga kuma hayaƙin da ake ba ta ya fi abin da take buƙata. Ka haɗa waɗannan, ka sami bindigar da za ta daɗe ba a wanke ta ba tana aiki.

Maganar laka kuwa an yi mata ƙari. Idan aka sauke makullin da ke hana kunamar AK tashi, don a yi harbi, wata doguwar kafa tana buɗewa a gefen dama, laka ko tsakuwa ta faɗa kai tsaye kan kunama da guduma. Ratar da ke taimakonta a kan ƙura ita ce ke buɗe wa laka hanya. AR-15 da aka rufe murfin ƙurarta, aka saka mata gidan harsashi, ta fi ta toshe ƙofofi. AK tana jure abin da ya riga ya shiga cikinta, AR-15 tana hana shi shiga tun farko.

Babban haɗarin mai sayen AK a Amurka shi ne wanda ya ƙera ta. Ƙarfen da ke riƙe da gindin bututu, inda sakata ke kullewa, dole ya zama bugagge. Wasu masu araha an yi musu shi da narkakken ƙarfe da aka zuba a mazubi, yana cinyewa da wuri, ratar da ke tsakanin fuskar sakata da gindin harsashi ta buɗe, wata rana kwanso ya fashe kusa da fuskar mai harbi. Kafin ka biya, duba ko saitin gaba ya karkace gefe, ko kawunan ribit sun kwanta daidai, ko gidan harsashi yana rawa da yawa idan an saka shi, kuma ka sa mai gyaran bindiga ya auna ratar sakatar da ma'auninta. WASR-10 ta Romaniya, da ZPAP M70 ta kamfanin Zastava na Sabiya, da na Arsenal na Bulgariya su ne aka fi sani da ƙarko. Arahar da AK ta yi suna da ita kuma ta kau. An hana shigo da bindigogi da harsasan China irin waɗannan tun 1994, takunkumin 2014 ya rufe ƙofa ga kamfanin Kalashnikov, sannan a 2021 aka dakatar da ba da sabon izinin shigo da harsashin Rasha, wanda shi ne ke sa harbin AK ya yi sauƙin kuɗi.

AR-15 da tabon da ta daɗe tana ɗauke da shi

Tushenta AR-10 ce da Eugene Stoner ya zana a kamfanin ArmaLite a shekarun 1950. Aka rage ta ta zama AR-15, aka sayar wa Colt da haƙƙinta a 1959, Colt kuma ya fara sayar wa farar hula mai ɗura kanta a 1964. Ba ta da dogon fistin. Wani siririn bututu ne ke kwaso hayaƙin ya kai shi har cikin uwar sakata, ya buɗe a can ya tura ta baya. Amfanin haka shi ne komai yana tafiya a layi ɗaya da bututu da ƙota, bakin bindigar ba ya tsalle sosai, nauyi ma ya ragu. Illarsa kuwa zafi da baƙin hayaƙi suna sauka a kan sassan da ke motsi, suna ƙone man da ke jikinsu.

Baƙin jininta daga yaƙin Biyetnam ya samo asali, kuma an san dalilansa. An sauya albarushin da aka gwada bindigar da shi, IMR 4475, aka koma WC846, wanda ya ƙara mata saurin kai-komo da dauɗa. Ba a shafe ɗakin harsashi da kurom ba, ga ƙasa mai laima, sai tsatsa ta riƙa kama kwanso. An kuma raba wa sojoji ita babu isassun kayan wanki. Kwamitin majalisar wakilai ƙarƙashin Richard Ichord ya binciki lamarin a 1967, aka gyara ɗakin harsashi, aka ƙara nauyin abin da ke tare sakata a baya. Fiye da shekara hamsin ke nan, amma har yau labarin yana yawo kamar jiya aka yi.

Akwai gwajin da masu suka ke yawan kafa hujja da shi. A ƙarshen 2007 sojan Amurka sun gwada bindigogi iri huɗu cikin ɗakin da ake busa ƙura, goma-goma daga kowane iri, kowane iri ya harba harsashi 60,000. M4, 'yar'uwar AR-15 ta soja, ta tsaya sau 882. XM8 ta tsaya sau 127, SCAR sau 226, HK416 sau 233, kuma waɗannan ukun duk masu fistin ne. Babu shakka fistin ya yi nasara a wannan gwaji. Amma ka lura, 882 cikin 60,000 bai kai kashi 1.5 cikin ɗari ba, cikin ƙurar da ta fi ta tsakiyar hunturu kauri. Wani gwajin da aka yi wa M4 ɗin 'yan watanni kafin nan ya ba da 307, wato sakamakon yana sauyawa sosai gwargwadon yadda aka shirya bindigar.

Abin da AR-15 ke buƙata bai da yawa, amma ba ta yafe shi. Mai shi ne na farko. Mai dauɗa da jiƙaƙƙiyar sakata za ta yi aiki, mai tsabta da busasshiyar sakata za ta cije. Ana ɗiga mai a kan layuka huɗu da uwar sakata ke zamewa a kai, da ɗan ƙarfen da ke juya sakata, da haƙoranta bakwai, da ramuka biyu da ke gefen uwar sakata, waɗanda ke kai mai ga zobba. Zobban uku ne, su ke tare hayaƙi a wutsiyar sakata. Gwajinsu mai sauƙi ne: ciro sakata da uwarta, ja sakatar waje, ka tsayar da su a kan tebur fuskar sakata tana ƙasa. Idan uwar ta zame ta rufta da nauyinta, zobban sun cinye, a sauya su. Sukurori biyu da ke ɗaure mashigar hayaƙi a saman uwar sakata dole a ce an danne ƙarfe a gefensu don kada su kwance. A bindigogi masu araha sau da yawa ba a yi wannan da kyau ba, sukurori su saki, hayaƙi ya zurare, sakata ta kasa kai wa ƙarshe. Sifirin na baya a gajeriyar ƙota idan ya gaza inci 10 da ɗigo kaɗan ya gaji. Idan bututun inci 16 ne, nemi wadda ƙofar hayaƙinta take wajen inci 9 daga gindi maimakon inci 7, domin ta fi laushin bugu, ba ta kuma fizgar kwanso tun yana manne da bango.

SKS da ake tallata maka

Sergei Simonov ya zana ta a shekarun 1940, harsashinta ɗaya da na AK. Gajeren fistin ne ke bugun uwar sakata ya koma wurinsa. Gidan harsashinta a manne yake, yana cin 10, ana ɗura shi ta sama da ɗan maƙalin ƙarfe mai riƙe harsasai goma a jere. Wannan ya kawar da babbar hanyar cijewa, tunda babu gidan da zai lotse ko ya ɓata. Nauyinta ya kusa kilo 4, bututunta milimita 520, bugunta a kafaɗa mai laushi ne. Idan an bar ta yadda aka ƙera ta, tana cikin mafi aminci da za ka samu.

Abu ɗaya nake so ka ɗauka da gaske. A yawancin SKS allurar da ke bugun gindin harsashi ba ta da sifirin da ke mayar da ita baya. Bindigogin sun yi shekaru a rumbun soja cikin wani daskararren giris. Idan giris ɗin ya bushe a ramin allura, sai ta maƙale a waje, da sakata ta rufe sai harsashi ya tashi ba a taɓa kunama ba, wani lokaci har gidan ya ƙare. Ciro sakatar ka girgiza ta kusa da kunne. Idan ba ka ji allura tana kaɗawa ba, kada a saka mata harsashi sai an warware sakatar an wanke ramin ya bushe ƙarau, kuma ba a zuba mai a wannan rami. Ranar gwajin farko a saka harsashi biyu kawai. Idan ta Yugoslabiya ce, M59/66, bututunta ba shi da kurom, kuma tana da wani bawul na hayaƙi da tsatsa ke ci, idan ya fara yoyo sai ta koma sai an ja da hannu bayan kowane harbi. Haska tocila cikin bututun ka duba ramukan tsatsa. Wadda kuma aka cire mata gidanta na asali aka saka mata na kasuwa mai cin 30, yawanci an lalata abin da ya sa take da aminci. Ban ga wadda ake nuna maka ba, saboda haka ba zan ce ka saya ko ka bari ba sai mai gyara ya buɗe ta.

Akwai wasu da za ka ci karo da su a kanti. Ruger Mini-14 tana da ƙotar katako irin ta bindigar farauta, aikinta mai ƙarfi ne, amma da gidan harsashi na kamfanin kawai take zama lafiya, kuma tsofaffinta na kafin 2005 siririn bututunsu yana watsa harsashi da ya ɗau zafi. M1 Garand ta 1936 abar sha'awa ce, sai dai ta haura kilo 4, kuma harsashin farauta na zamani yana iya lanƙwasa sandar fistin ɗinta.

Sauƙin sarrafawa

A nan AR-15 ta yi wa sauran fintinkau. Makullinta yana ƙarƙashin babban yatsan hannun dama, kana buɗewa kana rufewa ba ka saki mariƙi ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai koyo, domin makullin da ke da sauƙin kai wa shi ake yawan amfani da shi. Na AK doguwar faranti ce a gefen dama, mai tauri, mai ƙara, yawancin mutane sai sun saki mariƙi kafin su motsa ta. Gidan harsashin AR-15 tura shi ake yi sama kai tsaye, maɓalli ɗaya ya sake shi. Na AK sai an maƙala gabansa an juyo shi baya har ya yi ƙas, kuma masu koyo sukan kuskure maƙalin gaba, gidan ya zauna a karkace ya ƙi shiga ya ƙi fita. Idan harsashi ya ƙare, sakatar AR-15 da ta SKS suna tsayawa a buɗe, ka san ya ƙare, mai kula da fili ma yana gani da idonsa. Ta AK rufewa take yi a kan ɗaki wayam.

Ƙotar AR-15 tana tsawo tana gajarta, ta dace da dogo da gajere, da mai riga ɗaya da mai rigar sanyi. Nauyinta wajen kilo 3 ne. Harsashinta, 5.56, mai nauyin giram 3.6 zuwa 4, bugunsa kaɗan ne, mai koyo ba ya saurin koyon runtse ido da fizgar kunama, wanda shi ne ciwon da ya fi wuyar magani a harbi. Na AK giram 8 ne, yana fita da gudun kusan mita 715 a daƙiƙa, bugunsa ba mai cutarwa ba ne, amma nauyin da ke kai-komo a ciki yana girgiza saiti.

Wajen saiti ma haka. Saitin baya na AR-15 ɗan rami ne kusa da ido, ido da kansa yake daidaita tsinken gaba a tsakiyarsa. Na AK da SKS tsaga ce can gaba, ga tazarar saitin gaba da na baya a AK ba ta kai santimita 40 ba, ƙaramin kuskure sai ya zama babba a allo. Saman AR-15 doro ne mai tsaga-tsaga da aka yi don ɗaura madubin saiti, a jikin ƙarfen da ke riƙe da bututu. Murfin saman AK da na SKS kuwa motsi suke yi, duk madubin da aka ɗaura a kansu ba ya riƙe saiti, sai dai a bi ta maƙalin gefe. Da harsashi na yau da kullum, AR-15 mai kyau takan tara harbinta cikin da'irar santimita 4 zuwa 6 a mita 100, AK da SKS kuwa wajen 9 zuwa 12.

Inda AK ta fi sauƙi shi ne warwarewa. Danna maɓalli ɗaya, murfi ya tashi, sifirin ya fito, uwar sakata ta fito, babu ƙaramin abin da zai faɗi ya ɓata a ciyawa. Sakatar AR-15 tana da ɗan fil mai kama da na gashi da wasu ƙananan sassa da sai an shimfiɗa tsumma kafin a warware.

Idan ta cije, me ya jawo

Sayi gidajen harsashi masu kyau, PMAG na Magpul ko na alminiyom irin na soja, ka rubuta wa kowanne lamba a gindi. Duk lokacin da ta cije, rubuta lambar gidan da ke ciki. Idan lamba ɗaya ke maimaituwa, ka gano mai laifi, ka fasa shi ka jefar don kada ya koma cikin sauran. Harsashi biyu su taho tare su cushe, wannan kusan kullum leɓen gida ne ya buɗe. Kwanso ya maƙale a ƙofa a tsaye, ko sifirin ƙugiya ya gaji ko tsinken da ke cilla shi ya yi dauɗa. Kwanso ya zauna a ɗaki ƙugiya ta yage bakinsa, ɗakin ya yi datti ko hayaƙi ya yi yawa. Idan kana zargin hayaƙi bai isa ba a AR-15, saka harsashi ɗaya tak a gida ka harba. In sakata ta tsaya a buɗe, ƙarfi ya isa. In ta rufe, duba mai, da zobba, da sukurorin nan biyu. Inda kwanso ke faɗuwa ma yana ba da labari: dama sosai ko ɗan baya kaɗan shi ne daidai, idan yana tashi gaba hayaƙi ya yi yawa.

Harsashi mai kwanson ƙarfe, wanda AK da SKS ke ci ba gardama, ba ya buɗewa ya toshe ɗaki kamar na tagulla. Hayaƙi yana zagayowa ya bar baƙi a bango, kuma a AR-15 mai miƙaƙƙen kwanso wannan yakan kai ga maƙalewa, musamman idan aka bi shi da na tagulla ba a goge ɗakin ba. Filayen harbi da yawa na cikin gini ma ba sa karɓar harsashin da maganaɗisu ke kamawa. Tsohon harsashin soja na 7.62x39 kuma yakan bar wani gishiri a bututu da fistin, wanda mai ba ya narkar da shi. Ruwan zafi ake zubawa a ranar, a busar, sannan a shafa mai. Aka bar shi ya kwana biyu, tsatsa ta kama.

Abu uku ba a wasa da su. Idan ka ja kunama ka ji ƙas ba ta tashi ba, bar bakin yana kallon allo ka ƙirga daƙiƙa 30 kafin ka buɗe. Idan ta tashi da 'yar ƙara mara ƙarfi ba bugu, tsaya nan take, wataƙila harsashi ya tsaya a cikin bututu, na biyu zai fasa shi. Sannan karanta abin da aka rubuta a jikin bututu. Wanda aka rubuta 5.56 yana cin harsashin .223 mai kama da shi, amma wanda aka rubuta .223 kaɗai ba a ba shi 5.56, domin matsinsa ya fi. Mafi muni shi ne harsashin .300 Blackout, wanda ke shiga gidan AR-15 daidai, yana kuma iya rufuwa a ɗakin 5.56, ya tarwatsa bindigar. Kada ka karɓi gidan harsashi daga hannun aboki ba ka duba abin da ke ciki ba.

Doka da batun barewa

Mai takardar zama ta dindindin yana iya saye a kantin da ke da lasisi: zai cike fom 4473, a binciki tarihinsa ta tsarin NICS. Wanda ke kan bizar karatu ko ta aiki dokarsa daban ce, an hana shi sai da wasu keɓantattun sharuɗɗa. Bututun da ya gaza inci 16 yana ƙarƙashin wata dokar tarayya ta daban tun 1934, ka nisance shi. Jihohi irin su Kalifoniya, New York da Illinois sun taƙaita irin waɗannan bindigogi ƙwarai, saboda haka abin da ya halatta a Texas zai iya zama laifi idan ka ƙaura. A gida Najeriya kuwa, dokar makamai ta 1959 ta sa bindigogin soja masu harsashin milimita 7.62 cikin haramtattu, kuma fitar da bindiga ko sassanta daga Amurka ba izini babban laifi ne a ƙasashen biyu. Ni ba lauya ba ne, dokokin nan kuma suna sauyawa, ka tabbatar da su a hukumance kafin ka biya kuɗi.

A Texas duk wanda aka haifa daga 2 ga Satumba 1971 zuwa yau sai ya yi kwas ɗin koyon farauta, kuma an hana harbin barewa da ƙaramin harsashi irin .22 LR. An yarda da 5.56, amma ni ina ganinsa a bakin iyaka: sai da harsashin farauta mai buɗewa, mai nauyin giram 4 ko fiye, a tazara ta kusa, a kuma samu daidai bayan kafaɗa. Wasu jihohin, kamar Colorado, ba su yarda da abin da ya gaza milimita 6 ba, Pennsylvania kuma ba ta yarda a yi farautar barewa da bindiga mai ɗura kanta irin waɗannan ba. A nan 7.62x39 mai taushin baki ya fi, cikin mita 150. Harsashin soja mai rufaffen baki ba na farauta ba ne ko a wace bindiga, ratsa dabba yake yi ta gudu da rauni ta je ta mutu a wahale.

Da za ka bi shawarata, ka fara da AR-15 mai bututu inci 16 daga kamfanin da ke bayyana irin ƙarfen sakatarsa da gwajin da ya yi mata, domin harbin allo shi ne zai cinye yawancin lokacinka, kuma ita za ta koya maka da wuri. Rabinta na sama fil biyu ne ke riƙe da shi, in lokacin farauta ya zo kana iya sayen wani saman mai cin 6.5 Grendel da gidan harsashinsa, ko ka sayi bindigar farauta mai sakatar hannu, wadda ta fi duka sauƙin kulawa. Idan kuɗi ya ba da dama, haɗa da Ruger 10/22, wadda ake yi tun 1964: harsashinta ya fi kowanne araha, bugunta kusan babu, a kanta ake gyara jan kunama da numfashi. AK ta dace da kai ne idan ka san ba mai son zama wanki ba ne, kuma ka yarda ka biya kuɗin mai kyau. Kowacce ka ɗauka, ware kuɗin akwatin ƙarfe mai makulli, da abin toshe kunne, da tabarau, da darasi wurin ƙwararren malami tun kafin ka kai ta gida. Sannan kada ka fita farauta da ita sai ta harba ɗari uku zuwa biyar a fili, da gidajen da za ka yi amfani da su, har da aƙalla kwali biyu na ainihin harsashin da za ka yi farautar da shi.